Faɗin Yatsa Ɗaya

Ƙafar Ruwaida ta hagu ba ta kai ta dama tsawo ba. Shan inna ne ya kama ta tana 'yar shekara biyu, ya sake ta amma bai sake ta duka ba. In ta taka ƙasa babu takalmi sai ka ga ta karkace gefe guda, in kuwa ta sa takalmin da Cyprian ya ɗinka mata, sai wanda ya sani ne zai gane. Ita ce ta uku a 'ya'yana. Sunana Gumsu, kuma ni ce na raba ta da wannan takalmi da hannuna. Babu wanda ya sa ni dole, arha kawai na gani.

Cyprian Ibo ne, amma a Sabon Gari aka haife shi, a nan ya gaji rumfar ɗinkin takalma daga wajen ubansa. Hausarsa ta fi ta mijina Dabo, wanda har yau Fillancin Adamawa bai gama sakin harshensa ba. Mu kuma Barebari ne, kakanmu ya taso daga Borno ya zauna a Fagge tun ba a haifi mahaifina ba. Mahaifin nawa, Alhaji Abdulƙahhar, shi ya fara kai mu wannan rumfa muna yara, kuma gidaje tara na danginmu da maƙwabta suka bi sawunsa, don in Baba ya ce abu yana da kyau an gama magana. Da ya rasu, aikin ya faɗo kaina, tunda ni ce 'yar fari. Duk tsakiyar Sha'aban sai na taso daga gidana a Rijiyar Lemo, na biya Fagge na kwashi 'ya'yan ƙannena na haɗa da nawa, yara sha tara, na loda su a bas sai kasuwar Sabon Gari.

Yadda Cyprian yake aiki shi ne, yaro ya hau kan kwali ya tsaya, shi kuma ya durƙusa ya zagaye ƙafar da biro, yana yi yana tsokanar tafin ƙafar har yaron ya ƙyalƙyale da dariya. Sai ya rubuta suna da shekara, ya soke kwalin a wata doguwar ƙusa da ke jikin bango. Kowane gida da ƙusarsa. In yaro bai samu zuwa ba, ko ciwo ko yana makarantar kwana, sai ya ciro kwalin bara ya ƙara faɗin yatsa ɗaya a wajen 'yan yatsu, ya yanka fata a kan haka. Kuma da yake kwanakin kafin Sallah ba su isar sa, gidajen da ya amince da su ba ya jiran su zo. Da an ga watan Sha'aban yake fara yanka musu, in sun zo ya gyara abin da ya rage. Wannan kowa a gidanmu ya san shi, ni ma na sani sarai.

Na Ruwaida daban ne. Ita sai ta jingina da bango, ni na dafa ƙugunta da hannu biyu, shi kuma yana ta cusa ƙananan kwalaye ɗaya bayan ɗaya a ƙarƙashin ƙafar hagu yana kallon hannuwana. Sai sun daidaita tsaf yake cewa ya isa. Kaurin kwalayen nan shi ne kaurin da zai yi wa ƙasan takalmin, da wata roba marar nauyi, ya lulluɓe ta da fata yadda ba za a gane ba. Yakan ɗauki kusan awa guda a kanta ita kaɗai, sauran yara suna ta ƙorafin yunwa.

Shekara biyu da komawar sojoji bariki, kaya suka fara ɓarkewa a kasuwa daga ƙasashen waje, kwantena bayan kwantena. Atamfa, kwanuka, fitilu, kowane abu da ka sani sai ga ɗan uwansa mai sheƙi a rabin kuɗi. Ranar sha huɗu ga Sha'aban na shiga kasuwar Sabon Gari sayen farantan azumi, sai na ci karo da tulin takalman yara an zube su a kan leda. Wari suke yi kamar kananzir, amma kyau kam ba a magana, ga launi iri-iri, ga wata 'yar fitila a dunduniya da ke ƙyafta ja in an taka. Na tambayi kuɗi, mai kayan ya faɗa, na sa ya maimaita don na zaci ban ji daidai ba. Abin da za a ɗinka wa yaro ɗaya a wajen Cyprian zai sai wa biyar a nan.

Ban yi shawara da kowa ba. Na zaɓi ƙafa sha takwas da ido, aka zuba mini a buhu. Ruwaida kuwa na ce na bara bai matse ta ba tukuna, in ya so daga baya na kai ta ita kaɗai.

Ina jan buhun zuwa bakin titi sai na ji an ce, "Hajiya 'yar Baba!" Duk kasuwar mutum ɗaya ne yake kirana haka. Na juya, ga Cyprian da ƙunshin zare a hannu, biro a maƙale a kunne.

"Oga Cyprian, ina wuni? Yaya Maman Uju da yara?"

"Lafiya ƙalau. Gobe wata zai raba, ina nan ina jiran rundunarki. Na riga na yanka na gidanku duka. Malam Sammani majemi ya kawo mini fata bana mai laushi, sai kin gani." Ya dubi buhun. "Wannan kaya haka, ke kaɗai? Kawo na taimaka miki."

"A'a, bar shi, kwanuka ne," na ce.

Ina faɗa ina ƙoƙarin ja da buhun baya, sai ya suɓuce ya bugi ƙasa. Nan take cikinsa ya kama ƙyafta ja, nan da can, ta jikin saƙar buhun. Ni da shi muka tsaya muna kallo har fitilun suka mutu. Na so ƙasa ta tsage na shige. Bai ce mini na yi ƙarya ba, bai ma canza fuska ba. Ya ɗaga buhun ya ɗora mini a bayan motar haya, ya karkaɗe hannu.

"Allah ya sa albarka, Hajiya. Amma ki kawo mini Ruwaida. Ita kam kada ki bari."

"Sati mai zuwa in Allah ya yarda."

Da zagina ya yi a ranar, wallahi da na je. Da na rama, mu yi ta cacar baki, washegari na kai masa yarinya mu shirya. Amma mutumin ya rufa mini asiri, ni kuma sai na kasa haɗa ido da shi. Sati ya zo ya wuce, azumi ya kama, na ce bayan Sallah. Bayan Sallah na ce ai yanzu abin ya yi tsawo, da wace fuska zan shiga rumfar? Na koma shiga kasuwa ta wata ƙofa don kada na bi ta layinsu. Ana yabon kunya a wajen mace, ni dai tawa ba ta tsinana mini komai ba sai ɓarna.

Ranar Sallah kuwa na sha yabo. Yara suna ta buga ƙafa a tsakar gidan Fagge don fitila ta kama, ƙannena suna cewa Yaya Gumsu ta iya kasuwa, ni ina ta hura hanci. Ruwaida tana zaune a bakin dakali da takalminta na bara, tana kallon duga-dugan 'yan uwanta. Kafin sati biyu fitilun sun mutu. Kafin Babbar Sallah maɗaurai sun tsinke, wasu yaran da ƙuraje a tsakanin yatsu, sai da na sake sayo wasu. Na ga duk wannan da idona, amma na ce ko sau uku aka saya a shekara ai da sauƙi. Takalman Cyprian ƙane yakan gaji na wa, wannan lissafin ban yi shi ba.

Shekara ta zagayo, matan gidajen nan tara suka fara aiko mini: a ina na samo, ko zan sayo musu? Sai na ga hanya ta buɗe. Na riƙa sarowa dozin-dozin ina sayarwa a ɗakina. Na san ƙafafun da nake sa wa robar nan su ne waɗanda ke soke a ƙusoshin bangon Cyprian, amma na ce kasuwa ce, kowa da rabonsa. Wata rana Dabo ya tarar da ni a tsakiyar kwalayen takalma, ya tsaya a bakin ƙofa yana kallona.

"Ke Babarbariya, kin zama babbar 'yar kasuwa. To yarinyar nan fa, kin kai ta wajen mai takalminta? Na ga yatsunta sun leƙo waje."

"Bafulatani me ya sani a takalmi?" na ce. "Ku da kuke bin saniya da takalmin taya. Ka bar ni da 'yata, na san abin da nake yi."

Ya yi dariya ya wuce, don ya saba da bakina. Maganarsa ta cije ni, shi ya sa na yi masa tsawa.

A makon ne Ruwaida ta same ni ta ce, "Umma, ni ma ina son irin na su Yaya." Na riƙe wannan magana gam, na ce ai ita ta roƙa. Na zaɓa mata mafi kyau a kayana, na kai wa wani shumeka a bakin titi, na ce ya ƙara wa na hagu tsawo. Bai ga yarinyar ba, bai tambaya ba. Ya yanko tsofaffin silifa guda uku ya liƙa da gam, ya ce an gama. Ta sa, ta yi murna, na kawar da kai daga yadda take jefa ƙafar.

Haka ta yi ta tafiya a kai har damina. Ta fara cewa bayanta yana ciwo, na shafa mata man zafi na ce girma ne. Ta daina wasan igiya, ta daina raka 'yan uwanta aike. Wata Talata aka yi ruwa da safe, sai ga ta ta dawo daga makaranta tun kafin a tashi, kayanta duk taɓo, silifan nan uku a hannunta. Gam ya saki a tsakiyar filin makaranta, ta kife a gaban kowa. Ba ta yi kuka ba. Ta ajiye su a gabana ta shige ɗaki, washegari ta ce ba za ta je makaranta ba.

Dabo ne ya ce mu kai ta wajen wani likitan ƙashi. Likitan ya sa ta sunkuya, ya bi ƙashin bayanta da yatsa, sannan ya ɗauki takalmin ya juya shi gaba da baya.

"Hajiya, wa ya yi wannan?"

Kafin na ba shi amsa ya ci gaba.

"Yarinyar nan tana kan girma ne, ƙafar dama tana ƙara barin ta hagu. Ta daɗe tana tafiya a karkace, ƙashin bayanta ya fara lanƙwasa. In aka gyara takalmin yanzu za a iya tsayar da abin. Da can wa yake yi mata?"

"Wani ne a Sabon Gari," na ce.

"To ki koma wajensa yau, ba gobe ba. Masu iya wannan aikin sun kusa ƙarewa a garin nan."

Daga nan ban ko biya gida ba. Na kama hannun Ruwaida muka shiga kasuwa ta ƙofar da na yi kusan shekara biyu ina gudu. Ina tafiya ina shirya maganar da zan faɗa masa, na ma yanke cewa ba zan kare kaina ba, zan ce na yi laifi kawai. Muka isa rumfar, na tarar da ita cike da irin kayan da ke ɗakina, an rataye su tun daga sama har ƙasa. Keken ɗinki babu, warin fata babu. Ƙusoshin suna nan a bango, ba komai a jikinsu. Wani mutum da ban sani ba ya taso yana cewa, "Hajiya, wane lamba?"

Sunansa Okechukwu, shi ya karɓi rumfar. Ya ce Oga Cyprian ya sayar da keke da kayan aiki wata uku da suka wuce, ya koma ƙauyensu a Gabas. Matarsa tana nan har yara su gama zangon karatu. Ya kwatanta mini gidan, a bayan wata coci.

Monica, wato Maman Uju, tana tsakar gida tana ɗaure tukwane da igiya muka yi sallama. Ta gane ni nan take. Ta shimfiɗa mana tabarma, ta kawo ruwa, muka gaisa yadda ya kamata. Ta dubi Ruwaida ta ce, "Kai, ta zama budurwa." Sannan ta zauna a kan wani akwati ta zuba mini ido, ta bar ni na fara.

"Maman Uju, na zo ne na ba Oga haƙuri."

"Kin makara, Hajiya." Ba ta ɗaga murya ba. "Ba ke kika kawo kwantena ba, ni na sani. Kowa yana son sauƙi, ni ma farantan gidan nan na waje ne. Amma shekarar farko ya yanka na gidanku, yaro sha tara, kowane da sunansa a jikin fatar. Wa zai sayi takalmin da aka yanka da ƙafar ɗan wani? Shekara ta biyu na ce kada ya yanka wa kowa sai ya zo. Ya ce gidajen Baba Alhaji ne, tun zamanin ubansa ba a taɓa tambayarsu ba, ba shi zai fara ba. Ya yanka na gida tara. Babu wanda ya zo, babu wanda ya aiko ya ce a dakata. Da kin aiko da magana ɗaya, ki ce bana kar a yanka, da fatarsa tana nan."

Na sunkuyar da kai. Magana ɗaya ce, kuma sau biyu a sati nake shiga kasuwar.

"An yi tashin hankali a garin nan mutane suna gudu, shi ya ce Kano ce gidansa, ba inda za shi," ta ci gaba. "Yanzu yana can yana noman rogo a gonar wansa, a ƙauyen da bai taɓa yin wata guda a cikinsa ba. Malam Sammani ma na ji ya bar jima."

"In na aika masa da awon ƙafarta fa? Ko nawa ne..."

"Da me zai ɗinka? Ko basilla bai tafi da ita ba. Kuma ke kin fi ni sanin awon Ruwaida ba na aike ba ne."

Ta tashi ta shiga ɗaki, ta fito da wani ƙunshin kwalaye da aka ɗaure da zare, da wata leda. Kwalayen na gidanmu ne, tun daga kan ƙafata ina 'yar shekara shida, da rubutun uban Cyprian. A cikin ledar takalma ne ƙafa biyu, sababbi, na fata mai laushi, kowane na hagu da kaurinsa a lulluɓe. A ƙasan kowanne an rubuta Ruwaida da shekara.

"Duk Sha'aban sai ya yi nata, ya ƙara yatsa ɗaya," in ji Monica. "Ya ce kunya ce ta hana ki, amma za ki zo saboda yarinyar. Ya ce in kin zo na ba ki, kuma kada na karɓi komai."

Ruwaida ta riga ta cire na ƙafarta. Ta ɗauki babban, wanda aka yi a Sha'aban ɗin da ya wuce, ta shafa fatar, ta zura ƙafar dama. Dunduniyarta ta rage a waje. Yarinyar da ya auna tana shekara tara yanzu sha biyu take nema, ta yi girman da yatsa biyu bai isa ya kamo ba. Ta naɗe 'yan yatsunta, ta cije leɓe, ta tura har ta shiga da ƙyar. Ta sa na hagu, ta lallaɓa ta jingina da bangon gidan ba tare da an ce mata ba, yadda ta saba. Ni ma hannuwana suka tafi ƙugunta da kansu. Ƙugun hagu ya sauka ƙasa da na dama, kuma ba kaɗan ba.

"Umma, ya yi mini daidai," ta ce. "Wallahi ya yi. Ɗan kaɗan ne ya rage. In Baba Cyprian ya dawo ai zai ƙara mini, ko?"

Na dubi Monica ko za ta taimake ni da amsa. Ta kawar da fuska, ta jawo igiyarta ta ci gaba da ɗaure tukwane.